Jam Ɗin Surukata Ya Raba Ni da Jikata

Malama mai wannan fili, ina gaisuwa. Don Allah ki taimaki wani tsoho da ya ɗaure kansa da igiyar da ya murza da hannunsa. Maganar da zan faɗa miki ban taɓa furta ta a gaban kowa ba sai likita, shi ma kaina a sunkuye. Da ban iya rubutu ba, da ta ruɓe a cikina, don babu wanda zan iya zaunarwa in ce ya rubuta mini irin wannan. Ki yi haƙuri da hannuna. Ni kafinta ne, na haura hamsin kafin na shiga ajin yamma na manya. In rufe shago, in kakkaɓe garin katako daga gemuna, in je in zauna a kan bencin da ni na ƙera shi. An ce gemu ba ya hana ilimi, gaskiya ne, amma yana hana layi ya miƙe.

Bari in fara da abin daɗi, don in na fara da ɗayan ba zan iya ci gaba ba. Allah ya ba ni jika. Ɗana da matarsa sun daɗe suna jira, har mutane sun gaji da tambaya sun koma kallo. Matata ta rasu ba ta gani ba. Sai ga yarinya, mace, aka mayar mata da sunan marigayiyar. Ni bakina ba ya iya kiran sunan nan, don haka nake ce mata Ƙaramar Tsohuwa. Malama, da kin gan ta. Tana da wani ɗaure fuska in an tashe ta daga barci, sak na mai sunan in na shigo mata ɗaki da takalmi. In ta kama yatsana ba ta saki, kuma yatsan kafinta ne, duk ya yi kanta, amma ba ta raina shi ba. Gadonta ni na yi. Na goge katakon har sai da na shafa shi a kumatuna na ji babu abin da zai soke ta. A shago abokan sana'a sun ce in na ƙara ba su labarin hammarta za su ƙaurace mini. To, wannan yarinyar ce yanzu ba a miƙo mini, kuma laifina ne.

Tun rasuwar matata nake zaune da ɗana da matarsa a hawa na biyu na wani bene. Ɗaki biyu ne da falo. Banɗaki ɗaya ne, kuma wanda ya zana gidan, Allah ya yafe masa, ya sa ƙofarsa tana kallon ƙofar kicin. Ƙofar ma falle ɗaya ce ta katako mara nauyi, da rata a ƙasa da hannu zai shige. Ɗana ma'aikacin lantarki ne, da sassafe yake fita. Surukata kuwa a kicin take wuni, don sana'arta ke nan: tana dafa 'ya'yan itace da sukari har su yi kauri, ta zuba a kwalabe, abin nan da ake kira jam, masu shaguna suna saye. Hannunta yana da albarka. In tana dafa na mangwaro, har mutanen hawa na ƙasa sai sun sami dalilin hawowa gaisuwa.

Ni kuma ina da ciwon ciki na shekaru. Kumburi, murɗa, ƙugi, iska, sai kuma abin da ke sa mutum gudu. An yi mini gwaje-gwaje a asibiti, likita ya ce ba ƙari ba ne, ba gyambo ba ne, hanjina ne mai saurin fushi. Ya tura ni wurin wata ma'aikaciya mai kula da tsarin abinci, ta ɗora ni a kan wani tsari da ake kira FODMAP. Yadda na fahimta, akwai wasu nau'o'in zaƙi da ke cikin abinci waɗanda hanji irin nawa ba ya tsotse su da kyau, sai su ja ruwa, su yi tsami, su zama iska. Ta ce in ajiye su na ɗan lokaci, in ciki ya lafa sai a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya a ga wanne ne abokin gaba.

A nan na fara saƙa igiyata. Surukata ce ke dafa mini abinci, dole ta san abin da zan bari. Amma ta yaya zan dubi matar ɗana, yarinyar da har yau ba ta zama a kujera in ina tsaye, in ce mata ga abin da albasa ke sa ni? Sai na raba ciwona gida-gida, kowane abinci na nema masa ciwo mai mutunci. Na ce albasa da tafarnuwa suna sa ni ƙwannafi. Na ce madara tana tara mini majina. Wake kuwa na ɗora wa haƙorana, alhali haƙoran nan har yau suna zare ƙusa. Ta karɓa duka ba ta tambayi komai ba, tana ware mini tukunyata daban. Kuma na ji sauƙi, Malama. Har na manta yadda ake zama a cikin mutane ba tare da lissafin inda ƙofa take ba, sai ga shi na tuna.

Saura jam. Kowace safiya takan shafa mini na mangwaro a yankan burodi ɗaya da aka yarje mini, kuma mangwaro yana cikin abin da aka ce in ajiye. Na rasa ciwon da zan ba shi. Sai wata safiya na ce mata likita ya ce in rage zaƙi. Iyakar abin da na ce ke nan. Ta ɗauke farantin, na ji daɗi na ce na tsira.

Ashe ita ciwon sukari ta ji. Ta yi kuka a kicin, na ji ta. Ta gaya wa mijinta, ta gaya wa mahaifiyarta, kafin mako ya zagayo har mai gadin bene yana yi mini sannu da jiki. Aka ɗauke gwangwanin sukari aka ɓoye a saman kabad kamar ni yaro ne. Sannan, tana jego, jikinta bai gama komawa ba, ta tsaya a gaban wuta da goyo ta haɗa mini jam nawa ni kaɗai. Ta cire sukari gaba ɗaya. A madadinsa ta sa zuma, ta sa ruwan tuffa da ta dafa har ya ƙafe, ta ƙara wani farin gari na masu ciwon sukari da ta aika aka sayo a kantin magani. Mangwaron kuma yana nan. Ta manna takarda a kwalbar ta rubuta “Na Baba”. Da ta juya baya na ɗauki ledar garin nan na haɗa baƙaƙen a hankali, sai ga sorbitol, sunan da ma'aikaciyar asibiti ta ja mini layi a ƙarƙashinsa. Zuma, tuffa, mangwaro da wannan. Da maƙiyi ne ya zauna ya tsara, ba zai fi haka ba. Ranar ce kaɗai na yi da-na-sanin iya karatu. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har an dafa su an zuba a kwalba.

Za ki ce me ya sa nake ci. Malama, tana kawo tiren ne ta zauna a ƙasa daga gefe tana shayar da yarinya, tana satar kallona ta ga ko ya yi. Takan ce in ƙara, wannan ba ya cutarwa. Shayina ma yanzu garin nan ake zuba masa. Ni kuma in ce madalla, Allah ya yi albarka, in haɗiye.

Da hantsi take ɗora manyan tukwane, lokacin ne take miƙo mini Ƙaramar Tsohuwa. Wannan ne lokacina a duniya. In kwantar da ita a ƙirjina, in yi ta ba ta labarin katako, wanne ke tsagewa, wanne gara ba ta ci. Kuma daidai lokacin ne jam ke fara aikinsa. Banɗakin gida ba ya shiguwa, surukata tana tsaye taku kaɗan daga ƙofar. Sai in ce zan ɗan miƙe ƙafa, in mayar mata da yarinya hannunta duk danƙo, in sauka bene in nufi gidan mai na bakin titi, inda masu sayar da mai suka riga suka san ni, da sun hango ni suke miƙo makullin banɗaki ba gaisuwa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Wata rana mahaifiyar surukata da ƙanwar surukar tawa suka zo, muna falo, yarinya tana cinyata. Na yi iya ƙoƙarina, Allah shaida. Iska ta kuɓuce mini, kuma ba a ɓoye ba. Sai ƙanwar ta fashe da dariya, ta ce kai, wannan 'yar ƙaramar aba da wannan babban aiki. Kowa ya yi dariya. Mahaifiyar surukata ta karɓi yarinyar tana danna cikinta, ta ce ai ta faɗa, yarinyar nan tana da kumburi. Ni kuwa, mai furfura, kakanta, na yi shiru. Har murmushi na yi. Yarinya ta dube ni da fuskar nan ta mai sunanta, na kawar da kai.

Daga ranar aka sayo wani maganin ɗigawa na kumburin jarirai ana ba ta. Aka hana surukata cin abubuwa da yawa wai suna bi ta nono, mai shayarwa da ya kamata ta ci ta ƙoshi. Ina kallo ana matse bakin yarinya ana ɗiga mata maganin ciwona.

Ƙarshen abin ya zo makon jiya. Murɗar ta zo mini ba sallama, na san in na tsaya kai yarinya kicin ba zan isa gidan mai ba. Na ajiye ta a kan doguwar kujera, na tare ta da matashi, na fita da gudu. Da na dawo na tarar tukunya ta kama, gida duk ƙauri, surukata tana tsaye da yarinya a kafaɗa, yarinyar tana ta ajiyar zuciya irin ta wanda ya sha kuka. Surukata ba ta ɗaga murya ba. Idonta a ƙasa ta ce, “Baba, in riƙon yana gajiyar da ku, ku huta. Zan goya ta.”

Tun ranar goya ta take yi, a cikin zafin kicin da tururi. Na ji tana gaya wa 'yar'uwarta a waya cewa ta rasa gane kaina, da an ba ni yarinya sai in nemi hanyar fita, ko don mace ce, ko sunan ne ke tayar mini da baƙin ciki. Ni da zan ba da sauran kwanakina a ƙara mata. Kuma duk da haka kwalbar “Na Baba” ba ta fasa zuwa kan tire ba.

Ɗana ban iya gaya masa ba, don ban taɓa yin irin wannan magana da shi ba, kuma abin da ya ji matarsa ta ji. Na yi tunanin in koma kwana a shago in huta da kunya, amma can babu Ƙaramar Tsohuwa. In na faɗi gaskiya, na zama tsohon da ya yi ƙaryar ciwo, ya sa mai jego wahalar banza, ya laƙa wa jaririya abin da ya aikata. Da wane ido surukata za ta ƙara kallona? In na yi shiru, yarinya za ta yi wayo a bayan uwarta ba ta san ƙirjina ba. Ki gaya mini yadda zan yi.

Naki,
Kakan Ƙaramar Tsohuwa

AMSA

Baba, barka da samun Ƙaramar Tsohuwa, Allah ya raya ta. Rubutunka kuma ya fita sarai, malamin ajin yamma bai yi asarar alli ba.

Na yi dariya a wani wuri cikin wasiƙarka, ba zan ɓoye maka ba, amma na daina da na zo kan maganin ɗigawa. Daga nan zan fara, don shi ne ba ya jira. Kunyarka mai tushe ce. Kawaici tsakanin suruki da matar ɗansa ado ne, kuma ciwon hanji ciwo ne da ke sa manyan mutane ɓuya a ko'ina. Ban ga laifinka ba da ka nemi sutura. Amma kunya tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce inda wani ya fara biya maka. Yanzu jaririya tana shan magani, mai shayarwa tana ƙaurace wa abinci, yarinya tana wuni a tururi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, Baba, kuma kai ka fi kowa sanin haka.

Ka dubi ɓangaren surukarka ma. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. An ba ta labarin da ba daidai ba, ta yi masa hidimar da ta dace da shi. Uwar da ta fito ta tarar da jaririyarta ita kaɗai a kan kujera tana da haƙƙin ta janye ta, ko waye ya ajiye ta. Kuma ka lura, ba ta zarge ka da mugunta ba, dalili take nema maka. Matar da ke tsammanin ba ka son 'yarta amma ba ta fasa kawo maka tire ba, ba ita ce za ta raina ka don hanjinka ba.

Ga abin da za ka yi. Ka fara da ɗanka, a yau, a wajen gida in falo ya yi maka ƙunci. Ba yaro ba ne, uba ne. Ka gaya masa abu uku a fili: ba ka da ciwon sukari, ciwon hanji gare ka mai sa ka gaggawar banɗaki, kuma abin da aka ji a falo ranar nan ba yarinya ba ce. Na ukun zai fi ɗaci, amma shi ne zai sa a ajiye kwalbar magani a tambayi ma'aikaciyar jinya ko yarinyar tana bukatarsa, a kuma bar uwarta ta ci abincinta. Shi zai isar wa matarsa. Mai yiwuwa su yi dariya in sun shiga ɗaki. Ka bar su, dariyar kwana ɗaya ce.

Amma haƙuri da godiya ba a aika su. Washegari kai da bakinka za ka ce mata ka gode da wahalar da ta sha, kunya ce ta sa ka karkata magana, kuma ajiye yarinya a kujera kuskure ne da ba zai sake faruwa ba. Ba sai ka kwatanta mata komai ba. Daga nan ka mayar da zancen na sana'a, don a nan ta fi ka sani.

Abin da zai ba ta mamaki shi ne sukarin da ta ɓoye a saman kabad ba ya cikin masu tayar da irin hanjinka, in an ci daidai misali. Waɗanda suka fi yawan tayar da shi su ne zuma, tuffa da ruwanta, mangwaro, kankana, busassun 'ya'yan itace, da garin zaƙi irin sorbitol da danginsa. Shi ya sa jam da aka rubuta wa “babu sukari” sau da yawa ya fi wahalar da masu ciwonka. Wanda aka fi jurewa shi ne na lemu, na abarba ko na gwanda, da sukari na gida da ɗan lemon tsami, ba a haɗa shi da ruwan tuffa ba. Ka tuna jam 'ya'yan itace ne da aka tattara wuri ɗaya, cokali ɗayansa ya fi ƙarfin yanka ɗaya. Ka fara da ƙaramin cokali, iri ɗaya kawai, ka ba cikinka kwana biyu ko uku ka ji abin da zai ce kafin ka ƙara. Hanji ba ɗaya ba ne, abin da wani ya jure wani ba ya jurewa.

Ka koma wurin ma'aikaciyar abincin nan, kuma in surukarka ta yarda ku je tare, tunda ita ke riƙe da tukunya. Wannan tsari ba na har abada ba ne, ba a so mutum ya daɗe a matakin hani. Mai yiwuwa in an gwada, a tarar ɗan mangwaro kaɗan bai dame ka ba. Ka sa a auna sukarin jininka ma, don a rufe wancan zancen da hujja. In kuwa ka ga jini, ko rama ba dalili, ko ciwon ya sauya salo, kada ka ɗora wa jam, ka koma wurin likita da wuri.

Riƙon yarinya zai dawo, amma kada ka tsaya jiran a miƙo. Ka roƙa, ka kuma jawo gadon nan da ka ƙera ka ajiye kusa da kujerarka. In murɗar ta taso maka, ka sa yarinya a ciki, ka ɗaga murya ka ce ga ta nan, ka shiga banɗakin gidanku. Batun komawa shago kuwa ka manta da shi. Kai kafinta ne, Baba. Ƙofa falle ɗaya mai rata a ƙasa ta kore ka zuwa gidan mai, alhali zarto da guduma suna hannunka. Ka yi mata ƙofa mai kauri, kowa a gidan zai gode maka a zuci.

Ƙaramar Tsohuwa ta rufa maka asiri sau ɗaya ba ta ce uffan ba. Ya isa haka, yanzu kai za ka wanke ta. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da ita ƙirjinka, ya ja kwananka har ranar da za ta yi wayon da za ka ba ta wannan labari da bakinka, ta yi maka dariyar da ka hana kanka.